Tsiron Tulu: Zaɓensa da Renonsa a Cikin Gida a Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

Bisa ga abin da aka saba gani, dabba ce ke cin tsiro. Akuya ta ci harawa, fara ta ci gero, gara ta ci kara. Manomin Dodoru da ke Ƙaramar Hukumar Gwandu a Jihar Kebbi ya san haka tun yana yaro, domin rabin wahalar gonarsa ta kare amfani ce daga bakin ƙwari. Sai dai akwai wasu tsirrai da reshe ya juye da mujiya a wajensu, wato su ne ke kama ƙwari su narkar da su, su sha romonsu. Masana ilimin tsirrai sun ƙididdige fiye da iri 600 na irin waɗannan tsirrai a duniya. Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne wanda masana ke kira Nepenthes. Da yake ba ya fitowa a ƙasar Hausa, Bahaushe bai raɗa masa suna ba. Saboda haka a wannan darasi za a kira shi tsiron tulu, domin tarkon da yake kama ƙwari da shi ya yi kama da ɗan ƙaramin tulu mai murfi.

A 'yan shekarun nan hotunan wannan tsiro sun yawaita a wayoyin hannu, har wasu matasa masu sha'awar furanni sun fara tambayar ko zai rayu a ɗakunansu. Amsar ita ce zai iya rayuwa, amma ba kowane iri ba, kuma ba da irin renon da ake yi wa albasa ko tumatir ba. Mafi yawan shawarwarin da ake karantawa game da shi an rubuta su ne domin mutanen Turai da Amurka, waɗanda damuwarsu sanyi ce. Mutumin Gwandu ko Kalgo kuwa, zafin bazara da bushewar hunturu da gishirin ruwan rijiya su ne abokan karawarsa.

Siffarsa da yadda yake farauta

Tsiron tulu mai yaɗo ne, yana hawa bishiyoyi kamar yadda ƙwarya ko soso ke hawa danga. Ganyensa dogo ne, a ƙarshen kowane ganye kuma akwai wani siririn zare. Ƙarshen zaren nan shi ne ke kumbura sannu a hankali har ya zama tulu. Wato ke nan tulun ba fure ba ne, ba kuma ɗa ba ne, wani sashe ne na ganyen kansa. Wannan shi ne kuskure na farko da baƙon tsiron ke yi. Kuskure na biyu shi ne zaton murfin yana rufewa idan ƙwaro ya faɗa. Murfin ba ya motsi ko kaɗan. Aikinsa a yawancin ire-iren shi ne rage ruwan sama da zai cika tulun ya tsinka ruwan narkarwar da ke ciki.

Farautar tana farawa ne daga zaƙi. Ƙarƙashin murfi da leɓen tulun suna fitar da wani ruwa mai zaƙi da ke jawo tururuwa da ƙudaje da kiyashi. Leɓen yana da wasu siraran layuka da suka nufi ciki, kuma da zarar ya jiƙe da raɓa ko ruwan sama sai ya yi santsi ƙwarai. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa tururuwa na iya yawo a kan busasshen leɓe ba tare da ta faɗa ba, amma idan ya jiƙe sai ƙafarta ta zame. A ire-ire da dama bangon ciki yana da wani kakin da ke manne wa ƙafar ƙwaro ya hana ta kamawa. A can ƙasa kuma ruwa ne mai tsami, ɗauke da sinadaran da ke narkar da nama, kwatankwacin aikin da tumbin ɗan Adam ke yi. Bayan 'yan kwanaki babu abin da zai rage sai ɓawon ƙwaron.

Abin tambaya shi ne, me ya kai tsiro ga wannan sana'a? Talaucin ƙasa ne. Tsiron tulu yana fitowa ne a wuraren da ruwan sama mai yawa ya wanke ƙasa har ta rasa sinadarin naitirojin da sauran abincin shuka, kamar rairayi mai tsami da dausayi da kan duwatsu. Abin da saiwarsa ta kasa samu a ƙasa, shi ganyensa ke samowa daga jikin ƙwari. Duk wanda ya riƙe wannan bayani ya riƙe rabin ilimin renonsa, domin daga nan ne dokar hana shi taki ta samo asali.

Asalinsa

Bature na farko da ya rubuta bayaninsa shi ne Étienne de Flacourt, gwamnan Faransa a kudancin tsibirin Madagaska, a shekarar 1658. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya ba shi sunan Nepenthes a 1737. Kalmar ta Girkanci ce, tana nufin abin da ke gusar da baƙin ciki. A 1874 Joseph Hooker na lambun Kew da ke Ingila ya nuna cewa ruwan tulun yana narkar da nama, shekara guda bayan haka kuma, a 1875, Charles Darwin ya fitar da littafinsa a kan tsirrai masu cin ƙwari.

A yau an san fiye da iri 150 na tsiron tulu. Cibiyarsu ita ce tsibiran Borniyo da Sumatara da Filifin, sannan akwai 'yan kaɗan a Indiya da Siri Lanka da arewacin Ostireliya da Madagaska da Sishel. Babu ko ɗaya da ke fitowa da kansa a babban yankin Afirka. Wannan ba ya nufin Afirka ta Yamma ba ta da nata mafarautan. A tafkuna da kududdufan arewacin Nijeriya ana samun wata ciyawar ruwa da masana ke kira Utricularia, wadda ba ta da saiwa, tana shawagi a ƙarƙashin ruwa tare da bado da kainuwa. A jikinta akwai ƙananan jakunkuna da ba su wuce ƙwayar gero ba, waɗanda ke zuƙe ƙananan halittun ruwa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Mai wucewa ba zai ga komai ba sai ɗan furenta a saman ruwa. Haka kuma a dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa akwai wani mai yaɗo, Triphyophyllum, wanda ke cin ƙwari a wani mataki na rayuwarsa kawai, daga baya ya daina.

Na tudu da na kwari

Kafin a tambayi kyawun tulu ko girmansa, tambayar farko ita ce: daga wane tsayi na ƙasa wannan iri ya fito? Masu renonsa sun kasa shi gida biyu, kuma iyakar tana wajen mita 1,000 daga doron teku. Na kwari suna zaune cikin zafi dare da rana, da iska mai laima sosai. Na tudu kuwa suna kan duwatsu inda rana ba ta cika wuce digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas ba, dare kuma yakan sauka zuwa 15 ko ƙasa da haka. Sanyin daren nan wajibi ne gare su. Idan suka rasa shi na tsawon watanni sai su tsaya da girma, su yi ta ƙanƙancewa har su mutu.

A nan ne mai sha'awa ke faɗawa tarko, kamar yadda tururuwa ke faɗawa, domin mafi ban sha'awa a hoto yawancinsu na tudu ne. Alal misali Nepenthes rajah na dutsen Kinabalu da ke Borniyo, wanda tulunsa ke iya ɗaukar ruwa har lita uku da rabi, kuma an sha samun ɓera a cikinsa. Akwai Nepenthes lowii, wanda wata 'yar dabba mai kama da kurege ke hawa ta lashi zaƙin murfinsa ta yi kashi a ciki, kashin ya zama masa taki. Akwai kuma Nepenthes attenboroughii da aka bayyana wa duniya a 2009 daga tsibirin Falawan na Filifin. Duk waɗannan sai dai a karanta labarinsu. Ƙasar Gwandu ba ta kai mita 400 daga doron teku ba, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, dare ma ba ya ba da sauƙi. Wanda ke Jos, a kan tsayin kimanin mita 1,200, ko a tsaunin Mambila, yana iya gwada wasu na tudu masu sauƙin hali. Mutumin Dodoru da ya sa kuɗinsa a kansu ya yi asara tun kafin kayan su iso.

To, sai a ce na kwari ke nan, tunda suna son zafi? Nan ma da sauran magana. Zafin Borniyo zafi ne mai laima, ana ruwa kusan duk shekara. A yankin Birnin Kebbi kuwa ruwan shekara bai cika wuce milimita 800 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Daga Disamba zuwa Maris laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, lokacin da leɓe ke tsagewa, faso ya kama ƙafa. Irin su Nepenthes mirabilis mai siririn ganye, da ampullaria da bicalcarata, ba su jure wannan a sarari. Sai dai a cikin akwatin gilashi ko rumfar leda.

Wanda ya dace da mai farawa

Idan aka auna waɗannan matsaloli, abin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne barbarar yanyawa, wato tsiron da aka samu daga haɗa iri biyu. Irin waɗannan sun fi iyayensu juriya da saurin girma, kamar yadda alfadari ya fi doki jure wahala. Su ne kuma ake yawaitawa a gonakin furanni, don haka sun fi araha.

Na farko a cikinsu shi ne ventrata, haɗin ventricosa da alata, dukkansu 'yan ƙasar Filifin. Tulunsa siriri ne, ja ko ja da kore, tsawonsa kamar tafin hannu. Sau da yawa masu sayarwa kan rubuta masa alata kawai. Shi ne aka fi sayarwa a duniya, kuma dalilin a fili yake: yana jure iskar ɗaki da ba ta da laima sosai, yana jure mantuwar mai shi na kwana ɗaya ko biyu, idan ya wahala kuma yakan sake tofowa daga gindi. Rauninsa a ƙasar Kebbi shi ne ɗaya daga cikin iyayensa, wato ventricosa, na tudu ne, don haka tsakiyar bazara za ta galabaitar da shi. Zai daina yin tulu, wasu ganyaye su ƙone. Wannan ba mutuwa ba ce. Idan aka raba shi da zafin rana aka kiyaye saiwarsa da danshi, yakan farfaɗo da saukar damina.

Na biyu shi ne Miranda, mai manyan ganyaye da tulu mai dabbare-dabbaren ja. Ya fi ventrata son ɗumi, amma yana cin wuri, kuma ya fi shi saurin daina tulu idan iska ta bushe. Na uku shi ne Gaya, wanda ke da jinin khasiana, irin da ke fitowa a tsaunukan Kasi na arewa maso gabashin Indiya, wanda aka sani da jure sauyin yanayi. Ga wanda ke da akwatin gilashi, Nepenthes gracilis na kwari ƙarami ne, ba ya da fitina, kuma zafi ba ya damunsa.

Akwai wani rukuni da littattafan Turai ba su cika ambata wa mai farawa ba, alhali kuwa shi ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa. A Tailan da Kambodiya da Lawos da Biyetnam akwai ire-ire kamar smilesii da kampotiana waɗanda ke fitowa a filayen ciyawa masu damina da rani. Suna da kakkaurar saiwa da ke ajiye ruwa da abinci. Idan rani ya tsananta, ko gobarar daji ta cinye samansu, sai su sake tofowa daga ƙasa da zuwan ruwa, kamar yadda sabara ke yi bayan an sassabe ta. Samunsu ya fi wuya, tulunsu kuma bai kai na sauran ƙawa ba, amma wanda ya ci karo da su a wurin amintaccen mai sayarwa bai kamata ya wuce su ba.

Wajen saye, a duba ƙarshen tsiron inda sabon ganye ke fitowa. Idan kore ne mai ƙarfi, tsiron lafiya lau yake ko da tulunansa sun bushe a hanya. A fifita mai ganye shida ko fiye a kan jariri, domin jariri ba ya jure sauyin wuri. Lokacin saye ma yana da muhimmanci: farkon damina, wajen watan Yuni, shi ya fi, saboda tsiron ya sami watanni huɗu na laima ya kafu kafin hunturu. Wanda zai shigo da shi daga waje ya sani cewa dukkan ire-iren tsiron tulu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda Nijeriya ke cikinta. Rajah da khasiana suna rukuni na ɗaya, mafi tsanani. Ana kuma buƙatar izini daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS. Dokar tana da dalili, domin masu tonowa daga daji su sayar sun kusa ƙarar da wasu ire-iren a mazauninsu.

Ruwa, ƙasa da wurin ajiyewa

Abin da ya fi kashe tsiron tulu a hannun manomi shi ne kirki. Manomi ya saba cewa shukar da ake so ita ake tara wa taki. Idan aka sa wa wannan tsiro kashin awaki ko toka ko takin zamani, saiwarsa mai laushi za ta ƙone. Ƙasar fadama mai kyau, wadda shinkafa ke murna da ita a Kalgo, guba ce a gare shi. Abin da yake so shi ne wani abu mara abinci, mai riƙe danshi, mai barin iska ta ratsa. A ƙasashen waje ana amfani da wata gansakuka da ake kira sifagnum. A nan gida ana iya yayyanka ɓawon kwakwar Attagara ƙanana, a jiƙa shi cikin ruwan sama ana sauya ruwan har kwanaki da yawa domin gishirinsa ya fita, sannan a gauraya da ɗan gawayi da aka wanke. Tukunyar roba mai huji a ƙasa ta fi ta yumɓu, domin yumɓu yana tara gishiri.

Ruwa shi ne babbar magana. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko narkakkun gishirori daga ƙasa, waɗanda ke taruwa a tukunya sannu a hankali har su kashe tsiron. Masu renonsa sukan ba da shawarar kada gishirin ya wuce kashi 100 cikin miliyan. Wanda ba shi da ma'auni yana iya tafasa ruwan a tsaftatacciyar tukunya har ya ƙafe. Idan ya bar farin gari a gindi, bai dace ba. Tafasawa ba ta cire gishiri, ƙara masa ƙarfi take yi. Ruwan sama shi ne mafi kyau, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a tara shi daga indararo tun a watan Agusta, bayan ruwan farko ya wanke ƙurar rufi, a zuba a jarkoki a rufe saboda sauro. Tsiro ɗaya ba ya shan abin da ya wuce 'yan jarkoki a rani guda. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana yi. A riƙa zuba ruwa ta sama har ya fita ta ƙasa, kada a bar shi ya bushe ƙayau, kada kuma a bar gindin tukunya a tsugune cikin ruwa.

Batun wuri yana da ɗan sarƙaƙiya a ginin Bahaushe. Ɗakin ƙasa yana da sanyi amma tagarsa ƙarama ce, ba haske. Ɗakin kwano yana da haske amma da azahar ya zama tanda. Tsiron kuwa yana son haske mai yawa ba tare da ƙunar rana ba. Mafi dacewa shi ne taga ko baranda da ke fuskantar gabas, inda zai sami hantsi na awa biyu ko uku, sannan inuwa ta rufe shi. A rataye shi sama, domin akuya ba ta san tsiro mai tsada ba, yara kuma ba za su ga tulu su ƙyale shi ba. Tsiron da kansa yana faɗin halin da yake ciki: manyan ganyaye kore shar ba tulu alamar ƙarancin haske ce, zaren da ke bushewa kafin ya kumbura kuma alamar bushewar iska ce.

Domin rage zafin bazara akwai dabarar da ba sai an je nesa ba. Muhammad Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa hanyar adana kayan miya ta sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Yayin da ruwan ke tsatsowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, sai cikin ya yi sanyi, kuma dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska. Idan aka zaunar da tukunyar robar tsiron a cikin irin wannan, saiwarsa za ta sami sauƙi, iskar da ke kewaye da ganyen ma ta ɗan yi laima. Ruwan rijiya ya isa a jiƙa yashin da shi, tunda ba ya taɓa saiwar. A hunturu kuma ana iya lulluɓe tsiron da farar leda mai 'yan huji, amma kada rana ta same shi a cikinta, domin zai dahu. A riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma nisanta shi da fanka da hayaƙin murhu da maganin sauro na feshi.

Ciyarwa ba ta da wahala. Tsiron da ke baranda zai kama abincinsa da kansa. Na cikin ɗaki kuwa, ƙwaro ɗaya ko biyu a wata sun isa, kamar shinge na farkon damina ko ƙaramar fara. Ba a sa masa nama ko tuwo, domin tulun zai ruɓe. Idan ya iso da tulu babu ruwa, a zuba ruwan sama kamar sulusinsa. Masu talla kan ce yana maganin sauro. Wannan zance ba shi da tushe, domin zaƙinsa tururuwa da ƙudaje ya fi jawowa, kuma a dazuzzukan Asiya akwai ire-iren sauro da tsutsotsinsu ke girma a cikin ruwan tulun ba tare da ya narkar da su ba.

Kowane tulu yana da wa'adi. Bayan 'yan watanni zai fara bushewa daga sama, sai a yanke shi a bar ganyen. Ba a sa ran iri daga tsiro guda, domin a wannan dangi namiji daban yake, mace daban, kamar dabino. Hanyar yawaita shi ita ce yanka. Idan yaɗon ya yi tsawo, a yanko sashe mai gaɓa biyu ko uku, a rage rabin kowane ganye, a soka shi cikin jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa, a rufe da leda a inuwa mai haske. A damina ake yin haka, kuma yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin saiwa ta fito. Uwar da aka yanka kuma takan fitar da sababbin rassa daga gindi, waɗanda sukan yi tulu fiye da tsohon yaɗon.